Ranar da Na Kawo Kogi Tsakar Gida

Nana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Malam Ari, ina kuma gaida maigidana, jikana Bukar, ko da yake na san fushi yake yi da ni. Allah Ya sa kun sauka Maine lafiya, kaya ba su fashe ba, kun shiga sabon gida da ƙafar dama. Allah Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, Ya tsare ku daga abin da kuke gani da wanda ba ku gani.

Na cusa wannan takarda a bakin buhun tattasai ne don na san ki. Ko da katifa ba ta sauka daga mota ba, buhun nan za ki fara kwancewa.

Ni da ke ba mu saba doguwar hira ba. Ke ce ɗiyata ta fari, ga shi kuma sunan uwar mijina aka sa miki, to kunya biyu ce ta haɗe mini kai. Ƙannenki nakan yabe su har kansu ya kumbura, ke kuwa ko me kika yi iyakata in ce, "To, ba laifi." Ranar da kika gama karatun aikin likita ma abin da na ce ke nan, alhali a cikina guɗa nake yi. Takarda ba ta da ido, shi ya sa zan faɗa a nan abin da bakina ya kasa.

Ranar da ƙawarki Falmata ta zo taya ki ɗaurin kaya, ina madafa ina jin ku. Kina ce mata in kun zauna za ki tara ƙananan yaran unguwa, masu shekara biyu da uku, ki yi musu wasa "mai jigo", wai ranar raƙuma, tunda Bukar ba ya ganin raƙumi ya wuce bai yi ihu ba. Kika ce a waya kika ga yadda ake yi. Na yi dariya ni kaɗai har hayaƙi ya sarƙe ni. Nana, ni na yi wannan abin a garin nan tun ba ki iya ɗaura zane ba, kuma saboda ke na yi shi. Kin ji labarin a bakin mutane suna dariya, yau ki ji shi a bakina.

Amma bari in fara da abin da ke damun mu duka biyu, wanda ba mu faɗa wa juna ba. Bukar bai san kowa ba sai ni. Tun da kika koma aiki a bayana ya girma. Ba ya cin abinci sai daga hannuna, ba ya barci sai da gefen zanena a tafinsa, yaran maƙwabta in sun shigo kuwa bayana yake laɓewa. Na ji Malam Ari yana ce miki in yaron ya kasa sabawa da Maine, sai a dawo mini da shi ya zauna nan. Ki sani in kun kawo shi ba zan ce a'a ba, da gudu zan karɓe shi. Shi ya sa nake so kada a kai ga haka. Yaro mai uwa da uba a raye, wurinsu ya kamata ya tashi. Saboda haka wannan wasan naki ba wasa ba ne, shi zai nuna ko ɗanki zai zauna da ke.

Lokacin da babanki ya ɗauko mu daga Damagaram ya buɗe butik, wato kanti, a kasuwar Diffa, kina kamar Bukar na yanzu, har kin fi shi. Duk lungunmu Barebari ne, ni kuma a yarensu ban san komai ba sai "wushe", gaisuwar nan tasu. In na faɗe ta sau biyu, kayana sun ƙare. Yaransu suna ta birgima a yashin ƙofar gida, ke kina manne da ni, ko banɗaki zan shiga sai kin tsaya a bakin ƙofa kina riƙe da zanena ta ƙasan labule. A Damagaram kin fara magana sarai, muna zuwa Diffa kika rufe baki. Babanki ya ce in ƙyale ki, za ki saba. Shi da safe ya fita sai magariba, ni ce nake kallon ki kina ramewa.

Sai ruwan kogin Komadugu ya iso. Kin san yadda gari yake tashi in ruwa ya zo bayan an daɗe ana kallon yashi, kowa ya nufi bakin kogi. Babanki ya kai mu. A nan kika ga wani masunci kwance rub da ciki a kan ƙatuwar gora, yana iyo da hannuwa. Kika nuna shi, kika ƙyalƙyale da dariya. Rabon da in ji wannan dariyar tun a Damagaram. A hanyar dawowa na ce a raina, ba zan iya kai ki kogi kullum ba, ba kuma za ki je wurin yaran nan ba. To zan kawo kogin gida, in kawo yaran.

Na shimfiɗa shuɗin zanen aurena a tsakar gida, na tokare gefensa da duwatsu, ya zama ruwa. Na yanka kwalayen butik, na fitar da kifaye manya da ƙanana, na zana musu ido da gawayi. Na ɗauko babban masakina na ajiye a tsakiya, shi ne jirgi. Ban yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Babanki ya tsaya ya kalla, ya ce, "Allah Ya ba ki lafiya," ya wuce.

Saura gayyata, kuma a nan na yi aika-aikar da har yau ake ba da labarinta. A gidanmu an koya mini ba a kiran mutane hannu wofi. Na sayi goro da alawa, na ƙulla a takarda, na ci ado, na bar ki wurin babanki a butik kina tsala ihu, na bi gida-gida. In na shiga sai in ce wushe, in miƙa goro, in ce da Hausa a hankali, "Gobe da hantsi, gidana." Kowace ta karɓa da hannu biyu, tana murna, tana ta zuba mini addu'a. Na dawo ina ce wa babanki mutanen garin nan akwai kirki.

Ban yi tunani ba ko kaɗan cewa mace ba ta bin gidaje da goro da alawa sai in aure ne ko suna.

Washegari da hantsi ƙamshi ne ya fara sallama. Humra da turaren wuta suka cika zaure, sai ga mata suna shigowa a jere, kowace ta naɗa lafayarta ta salla, lalle ya kama ja wur. Wannan da sabulu, waccan da ƴar rigar jariri, wata har da tiren shinkafa a kai. Sun ɗauka wata ƴar'uwata ce ta zo daga Damagaram ta haihu a ɗakina. Yaro kuwa ko ɗaya babu, don wa zai ɗauko mai majina ya goge masa ita a lafayar salla? Suka tarar da ni tsaye a bakin shuɗin zane, da kifin kwali a hannu, ke kuma a bayana.

Babbarsu ita ce Ya Fanna, kakar Falmata, Allah Ya ji ƙanta. Ita kaɗai ke jin Hausa, irin Hausar nan da ke mayar da mace namiji. Afuno take ce mini, sunan da suke kiran Bahaushe. Ta dubi tsakar gida, ta dube ni.

Ta ce, "Afuno, ina jariri?"

Na ce, "Babu jariri, Ya."

"Ina mai jego?"

"Babu mai jego."

"To goro na mene ne?"

Na ce, "Na wasa ne. Wasan yara."

Ta matso. Ta karɓi kifin daga hannuna, ta juya shi gaba da baya. Sai ta ce, "Kai Afuno, ka sa na ƙone turaren salla saboda kifin takarda?"

Ta juya ta fassara musu. Nana, ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Mai tiren shinkafa sai da ta sauke shi ta zauna a ƙasa. Ni kuwa ji na yi kamar in shige ƙarƙashin zanen nan in nutse da gaske. Amma ban gudu ɗaki ba, wannan kam ki rubuta mini shi. Na tsaya a inda nake, fuskata tana zafi.

Ya Fanna ce ta fara daina dariya, don ta hango ki. Ta sunkuyo ta ce miki wushe, kika ƙara cusa kai cikin zanena. Ta daɗe tana kallon hannunki yadda ya damƙe shi. Ban yi mata bayanin komai ba, ba ta ma nema ba. Ta miƙe ta yi wa matan magana a taƙaice, da muryar da ba a musu da ita. Suka fita. Na ce shi ke nan, na kori unguwa da hannuna. Ashe yara suka tafi ɗaukowa.

To ki ji na farko. Kada ki raba goro. Kada kuma ki tura saƙon waya ki zauna kina jira, ba su san ki ba tukuna, ba wadda za ta sa ɗanta a gidan lambar da ba ta sani ba. Ki taka da ƙafarki, kuma ki tafi da Bukar, kada ki bar shi a gida yadda na bar ki. Da na tafi da ke ranar nan, da sun gane tun a zaure. Ki fara da tsohuwar lungu, kowane lungu yana da Ya Fannarsa, in ta ce a zo za a zo. Ki faɗa musu ɓaro-ɓaro: ba aure, ba suna, ba a kawo komai, a zo da zanen wanki, a kawo yaro yadda yake. Ke kin ma fi ni gata, kina da yarensu a bakinki.

Da yaran suka zo sai aka shiga wani sabon babi. Jirgi ɗaya ne, kowa shi yake so. Ni a tunanina zan jera su kamar ƴan lakkwal a ƙofar aji, kowa ya hau bi da bi, har waƙar masunta na shirya zan koya musu. Ɗan shekara biyu bai san bi da bi ba. Kafin in buɗe baki an yi kokawa a cikin kogi, an yaga kifi, Falmata ta gantsara wa wani yaro cizo a kafaɗa. Ki tambaye ta, za ta ce ba ta tuna ba, ƙarya take yi. Na kuma yi niyyar ba da alawa ga wanda ya fi kama kifi. Allah Ya taimake ni ban faɗa ba, da an yi yaƙi.

Matan ne suka cece ni. Ba tare da an ce musu ba suka watsu, suka dawo da daro, da robar wanka, da ƙwarya, wata har da tsohuwar tukunya. Kowane yaro ya samu jirginsa. Aka ba su ludayi da muciya suna tuƙi. Iyaye suka tattare lafayar salla suka durƙusa suna jan daro a kan zanen aurena, wanda daga ranar bai sake ɗauruwa ba.

Saboda haka kowane yaro ki yi masa raƙuminsa. Ba sai ya yi kyau ba, su ba ruwansu da kyau. Ki yi har da na ƙari, don akwai wadda za ta zo da ɗan ƙanwarta ba ta faɗa ba. Kada ki sa gasa, kada ki jera su, waƙar da kika shirya kuma ki rera wa kanki. Kwalayen nan da kika ce me za ki yi da su zan cika miki mota da shara, na ce na kare kwanuka ne, to raƙumanki ne. Na zaɓo masu kauri daga butik, waɗanda yaro zai zauna a ciki ba su lotse ba. Akwai igiyar kaba a cikin na ƙasa, ta akala ce.

Duk wannan hargitsin ana yin sa ne kina manne da ni. Ban tura ki ba, ba don wayo ba, don hannuwana a cike suke. Can sai Falmata, bayan ta gama cizon mutane ta mallaki masakin ita kaɗai, ta ga akwai sauran wuri. Ta fito, ta zo har gabanki, ta miƙa miki rabin kifi. Kika kalle shi. Ta kamo hannunki ɗaya tana ja. Ni ina zuba wa wata ruwa, sai na ji zanena ya yi sauƙi.

Na duba, na gan ki a cikin masaki, ke da ita gwiwa da gwiwa, kina tuƙi da ludayi. Na tsaya ina jira ki waiwayo ki neme ni. Ba ki waiwayo ba. Daɗi ya cika ni har wuya, kuma a ƙarƙashin daɗin akwai wani abu mai ɗan zafi, don na saba da nauyin hannunki. Ya Fanna ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ce, "Afuno, kada ka kira shi." Ban kira ki ba.

Da za su tafi, ke ce kika yi kuka za ki bi Falmata. Kafin ruwan kogi ya janye kin fara yarensu, kafin shekara ta zagayo ke ce tafintata a kasuwa. Yau tsofaffi daga Chetimari suna zuwa gidan likita suna cewa a kira musu Nana, ita ce ke jin ciwonsu da yarensu. Ga Falmata har yau tana ɗaure miki kaya. Ga Malam Ari, wanda da ba ki iya gaida uwarsa da yarensu yadda ya kamata ba da ba ki samu shiga gidansu ba. Kowa ya faɗi abin da yake so, ni na san daga kifin kwali aka fara, kuma ni na yanka shi.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk shekara in ruwa ya iso, mata sai su leƙo su ce, "Afuno, yaushe naki kogin zai zo?" Yaran da suka yi tuƙi a tsakar gidana yanzu wasu suna da gemu, suna kawo nasu. Na zama gwana, har na fara jin babu abin da za a koya mini. A nan na sake yin kuskure, kuma wannan ba na dariya ba ne. Kina wurin, amma ina so ki ji yadda na gan shi.

Shekarar da tashin hankali ya koro mutane daga ƙetaren kogi, lungunmu ya cika. Suna cikin kangwaye, suna cikin zaurukan mutane, har namu. Kin zo hutu daga Damagaram, lokacin kina karatu. Da na fara lissafa gidajen da za a kira, ke ce kika ce, "Inna, yaran zaure fa?" Ban manta ba, ke kika fara faɗa. Kika bi su ɗaya bayan ɗaya kika gayyato.

Ni kuma na ce tunda baƙi za su zo, bari in nuna musu Diffa ba ƙauye ba ce. Na ɗebo balan-balan daga butik, na sa ƙannenki suka hura, na ɗaɗɗaura a igiyar shanya daga wannan bango zuwa wancan. Yara suka shigo suna ta kallon sama. Aka shiga daro, aka fara tuƙi. Rana ta ɗaga, ta bugi igiyar. Ɗaya ya fashe. Kafin a ankara na kusa da shi ya bi.

Yaranmu suka yi dariya. Yaran zaure ba su yi ba. Wata mata daga Damasak, Maman Zara, ta faɗi ƙasa a kan ɗiyarta ta rufe ta da jikinta. Wani yaro ya shige bayan randa. Wata ƴar mitsitsiya ta kwanta a cikin daronta ta toshe kunnuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba wanda ya yi kuka. Yara ƴan shekara biyu da uku, sun riga sun koyi yin shiru. Na tsaya da tiren dabino a hannu, ban motsa ba.

Ke kika motsa. Ba ki ɗaga murya ba, ba ki ce wa kowa ya tashi ba. Kika bi igiyar kina kwance balan-balan ɗaya-ɗaya, kina sakin iskar a hankali, kika tara su kika kai ɗaki. Sannan kika ɗauko babban daron wanki kika ajiye a tsakiyar shuɗin zane, ke budurwa da tsawonki, kika naɗe ƙafafu kika shiga. Kika ɗauki ludayi kina tuƙi, kina ƴar waƙa ƙasa-ƙasa da yaren Barebari, ba ki kalli kowa ba. An daɗe. Sai na bayan randa ya leƙo. Sai ya fito da rarrafe, ya zo ya kama bakin daronki.

Maman Zara ta tashi tana karkaɗe jiki, kunya ta kama ta. Na je zan ba ta haƙuri, ta riga ni. Ta ce, "Sori, Mama, mun ɓata miki wasa. Ba laifinki ba ne, jikinmu ne bai manta ba."

Ranar na dube ki a cikin daron nan na ce a raina, wannan yarinya ta wuce ni. Da yamma kika zo kina taya ni naɗe zane, ina so in faɗa miki, bakina ya ce, "To, ba laifi." Yau na faɗa. Na yi alfahari da ke ranar nan fiye da ranar da kika karɓo takardar gama karatu.

Don haka na ji Falmata tana ce miki a waya ana sa balan-balan, shi ne ado. Kada ki sa. Kada usur, kada rediyo mai ƙara. Maine ma akwai waɗanda suka zo daga can, kuma ba a rubuce yake a goshin yaro ba. In kin je gayyata ki tambayi kowace uwa a hankali, me yake tsoro, me ba ya ci. Kada ki tsallake gidan da ba shi da ƙofa. Ki kuma shimfiɗa tabarma a gefe ɗaya cikin inuwa, inda yaron da bai shirya ba zai zauna ya yi kallo, ba mai jan sa. Wani sai an kusa tashi zai shigo, wani sai karo na gaba.

Sauran ƙanana ne, kin san su, amma uwa ba ta fasa faɗa. A fara da hantsi, a tashi tun suna so, kada ki jira su gaji, gajiyayyen yaro ba ya tuna daɗin da ya ji sai kukan ƙarshe. Dabinon Maine yana da kyau, amma ki cire ƙwallon kafin ki ba su. Ki rufe randa da duk abin da ke da ruwa. Malam Ari ya kwashe murhun shayinsa ya kai waje, shi ma ya bi shi. Wayarki kuma ki ajiye ta a ɗaki. Na san kina so ki ɗauki hoto ki turo mini, ba na so. Idonki nake so ya kasance a kan yara, labari ya ishe ni.

Yanzu maganar maigidana.

Ranar wasan zai riƙe zanenki, zai ce Kaka yake so. Kada ki tura shi cikin yara, kada ki ce dubi wane bai ji tsoro ba. Ki ci gaba da hidimarki da shi a jikinki. Kuma ko ya yi kuka yaya, kada ki kira ni a waya don in lallashe shi. In ya ji muryata ya samu wurin ɓuya, ba zai fito ba. Ki bari. A cikin yaran nan akwai wani mai cizo da zai ga sauran wuri a raƙuminsa. In kika ji zanenki ya yi sauƙi, kada ki kira shi, kada ma ki nuna kin gani. Zai ɗan yi miki zafi, ki haɗiye.

In an watse sai ki kira ni. In kin ce masa ga Kaka ya ce ba ya zuwa, yana kan raƙumi, ko yana kuka zai bi wani gida, kada ki tsawata masa, kada ki jawo shi ki manna masa waya a kunne don ki faranta mini. Ki faɗa mini sunan yaron da yake so ya bi, shi ke nan. Wannan ne labarin da nake jira. Abin da zan yi bayan na ajiye waya ba ruwanki, ɗakina ne. In na fito zan bi lungu gida-gida in faɗa musu jikan Afuno ya yi aboki a Maine.

Ina rubuta wannan ne bayan azahar, kuna can kuna sallama da dangin mijinki. Bukar yana kwance a gefena yana barci, gefen zanena a cikin tafinsa. Shi ya sa rubutun ya karkace, ban so in motsa ba. Gobe in mota ta zo ni zan ɓamɓare yatsun nan da hannuna in miƙa miki shi, kuma ba za ki ga hawayena ba, kada ki tsaya nema.

Allah Ya tsare hanyarku da zamanku. Allah Ya sa albarka a aikinki da aurenki, Ya ba ki haƙurin da ya fi nawa. Allah Ya cika tsakar gidanki da hayaniyar yara har ki gaji da shara. Allah Ya raya Bukar a gabanku, Ya ba shi tasa Falmatar. Allah Ya sa ranar raƙuma ya manta da ni.

Amma ki gaya masa yini ɗaya na ce.

Wassalam,
Innarki